Riƙon Ɗan Wani Jinsi a Amurka da Idon Jama'a

A farkon ƙarni na 20, al'adar hukumomin marayu a ƙasar Amurka ita ce su daidaita yaro da masu riƙonsa a launin fata da addini, har da kamannin fuska, domin kada baƙo ya gane cewa ba su suka haife shi ba, sai riƙo ya zama sirrin da ake lulluɓewa tamkar aibi. Yaƙin Koriya ne ya yaye wannan lulluɓi, domin a shekarar 1955 wani manomi na jihar Oregon, Harry Holt, da maiɗakinsa Bertha, suka ɗauko marayu takwas daga Koriya, bayan da Majalisar Dokoki ta yi musu doka ta musamman, kuma dubban iyalai suka bi sawunsu.

Daga nan sirri ya ƙare, saboda fatar yaro kan riga bakin iyayensa magana. A ƙasar da wasu jihohinta suka haramta aure tsakanin baƙi da fari har zuwa 1967, Baturiyar da ta shiga kasuwa riƙe da hannun baƙin yaro ba ta tsira daga kallo da tsegumi ba: wannan ya ce, "Naki ne kuwa?", wancan ya ce, "Ina uwarsa ta ainihi?", wani kuma ya zuba mata yabon da ke mayar da yaron abin sadaka, alhali kuwa yana tsaye yana ji.

Suka mafi nauyi ta fito ne daga masu hujja. A 1972 ƙungiyar baƙaƙen ma'aikatan jin daɗin jama'a ta yi inkarin wannan riƙo, bisa dalilin cewa yana raba yaro da asalinsa, ya bar shi ba garkuwa a gaban wariya. A 1978 aka kafa dokar da ta fifita dangi da ƙabila wajen riƙon 'ya'yan Indiyawan asalin Amurka. Sannan wata doka ta 1994 ta hana a jinkirta ba da maraya saboda launi kaɗai.

Mu da shari'a ta koya mana falalar kafalar maraya, ta kuma hana a shafe nasabarsa, mun san cewa haƙƙoƙin biyu ba kishiyoyi ba ne. Wajibin mai riƙo shi ne ya haɗa wa yaro rahama da sanin asalinsa. Wajibin mai kallo kuwa ya kame harshensa, domin kunnen maraya ne ke ɗaukar tambayar.