Tirela, Sikeli Da Kwalta: Tarihin Dokar Obalodi

 Yau tarihi zan ba ku, amma tarihin da ke ƙarƙashin tayar motarku. Me ya sa ake shimfiɗa sabon titi, kafin damina uku ya koma ramuka? Mun saba cewa ɗan kwangila ne ya ci kuɗin. Sau da yawa haka ne. Amma akwai wani ɓarawon titin da ba mu cika ambata ba, shi ne obalodi.

Bari mu fara daga Amurka. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohin ƙasar. Tambayar da ta dami injiniyoyi ita ce, wane kauri za a yi wa titi, kuma nauyi nawa zai iya ɗauka? Sai suka je wani gari mai suna Ottawa a jihar Illinois, suka gina tituna masu zagaye guda 6, masu kauri daban-daban. Daga 1958 zuwa 1960 sojoji suka riƙa tuƙa manyan motoci ɗauke da kaya a kansu, dare da rana, ana auna yadda titin ke lalacewa.

Abin da suka gano ya ba kowa mamaki. Titi bai damu da jimillar kayan da ke kan mota ba kamar yadda ya damu da nauyin da ya sauka a kan kowane aksil, wato ƙarfen nan da ya haɗa tayar hagu da ta dama. In ka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar ba sau biyu take ƙaruwa ba, wajen sau 16 ne. Ko kashi 20 cikin 100 ka ƙara, ka ninka ɓarnar. Shi ya sa za ku ga motar da ke ɗauke da ƙatuwar taransifoma tana da tayoyi kamar ƙafafun shanshani, tana tafiya a hankali da 'yan rakiya da takardar izini. Raba nauyin ake yi.

To, ina ruwanmu? A 1912 layin dogo ya haɗa Kano da Legas, kuma shekaru da dama jirgin ƙasa ne ke kwashe gyaɗa da auduga da fatu. Da jirgin ya durƙushe daga shekarun 1970 zuwa 1980, siminti da taki da man fetur da kwantena duk suka dawo kan kwalta.

Doka kuwa akwai ta. A Disambar 2005 ƙasashen UEMOA, ciki har da Nijar, suka amince da doka mai lamba 14: tan 11.5 a kan aksil guda, tan 51 ga tirela mai aksil 6. A 2012 ECOWAS ta fitar da irin wannan ƙa'ida ga dukkan ƙasashenta, har da Najeriya. Matsalar aiwatarwa ce, don an sha ɗage ta.

Ni dai ba direba nake zargi ba. Mai kaya ke son tafiya ɗaya ta yi aikin biyu, direba kuma in ya ƙi, wani zai ɗauka. Riba ta tafi aljihun mutum ɗaya, ramin kuma ya zama na kowa: mai naƙuda a hanyar asibiti, manomin da tumatirinsa ya ruɓe, iyalan da birki ya cinye musu uba.

Don haka 'yan'uwa, in ɗan siyasa ya zo da alƙawarin titi, ku tambaye shi: ina sikelin auna manyan motoci, wa zai tsare shi, kuma yaushe kaya masu nauyi za su koma jirgin ƙasa?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kiyaye hanya.