Zuwa da Kai Ya Fi Saƙo: Tarihin Isar da Labari Tsakanin Sojan Amurka da Iyalinsa

Idan ƙasa ta tura mazajenta yaƙi, ba masu rataye da bindiga kaɗai ke shan wahala ba. Akwai uwa da mata da 'ya'ya da aka bari gida, su kuwa babu abin da ke damunsu kamar rashin labari, gama rashin sani ya fi dare duhu. Shi ma sojan da ke can uwa duniya yana so ya ji in an yi haihuwa a gidansa, ko wani ya kwanta ciwo, ko an yi rasuwa. To, ga yadda mutanen Amurka suka shirya wa wannan labari hanya.

A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da 600,000 suka halaka. Hukumar soja ba ta da tsayayyiyar hanyar sanar da iyalin wanda ya faɗi. Sai dai su ga sunansa cikin jarida, ko kuwa abokinsa ko hafsansa ya yi zumunci ya rubuto musu wasiƙa. A lokacin ba a fara raba wa soja ɗan ƙarfen nan mai suna da ake ratayawa a wuya ba, saboda haka waɗansu kan rubuta sunansu a takarda su maƙala ga riga kafin a gwabza, don kada a binne su ba a san ko su wane ne ba.

Wata mata mai suna Clara Barton, wadda ta yi jinyar masu rauni a bakin daga, ita ce ta ɗauki wannan nauyi. A 1865, da yardar Shugaba Lincoln, ta buɗe ofishin neman sojan da suka ɓata a birnin Washinton. Takan tattara sunayen da iyalai suka aiko mata, ta sa a buga, a baza cikin ƙasa, duk wanda ya san abin da ya sami wane sai ya rubuto. Kafin a rufe ofishin, wasiƙu fiye da 63,000 suka zo mata, ta kuwa gano labarin mutum fiye da 22,000. Yawancinsu sun riga sun mutu, amma ko ba komai iyalansu sun huta da zaman jira.

Daga baya ta tafi Turai, ta ga aikin ƙungiyar agaji ta Red Cross wadda aka kafa a Janiba. Da ta komo, ta kafa irinta a Amurka a 1881. A 1905 Majalisar Dokoki ta ba ƙungiyar takardar izini wadda a ciki aka ɗora mata aikin zama 'yar aike tsakanin mutanen ƙasa da sojansu na tudu da na ruwa.

Sa'ad da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, ƙungiyar ta buɗe wani sashe da ta kira Home Service, watau hidimar gida. Ma'aikatansa sukan ziyarci matan soja, su taimake su neman kuɗin da gwamnati ta yanka musu, su ba da rance in abinci ya yanke. Ƙungiyar kuma ta ajiye wakilanta a barikoki. Da haka aka sami igiya mai baki biyu, ɗaya a garin soja, ɗaya a inda yake aiki.

Amfanin wannan igiya shi ne shaida. In soja ya ce uwarsa na bakin mutuwa, yana son izinin zuwa gida, hafsa ba shi da hanyar sanin gaskiyar maganar. In ya saki kowa, bariki ya watse. In ya hana kowa, ya zalunci mai gaskiya. To, sai ma'aikacin ƙungiya na garin ya bincika wurin likita ko asibiti, ya tabbatar, sa'an nan ya bugo waya. Ƙungiya ba ta ba da izini, wannan ikon hafsa ne. Nata dai ta kawo labarin da ba shakka cikinsa.

A Yaƙin Duniya na Biyu wasiƙu suka yi yawa har suna tsare wa kayan yaƙi wuri cikin jirage. Daga 1942 sai aka shiga ɗaukar hoton kowace wasiƙa a kan ɗan siririn fim, a kai fim ɗin ƙetare, a wanke, a ba mai ita. Ana kiran wannan V-mail. Abin da dā zai cika buhu 37 sai ya koma buhu guda. A shekarar nan kuma aka kafa asusun agajin gaggawa na sojan tudu, don taimakon soja da iyalinsa in wata larura ta taso.

Amma labarin mutuwa, har yanzu ta waya yake zuwa. Ma'aikatar yaƙi ta buga, ɗan aiken kamfanin Western Union ya kai ƙofar gida, ya miƙa takarda, ya juya. Wannan al'ada ta daɗe, sai a yaƙin Biyetnam muninta ya fito fili. A watan Nuwamba 1965 aka yi kazamin faɗa a kwarin Ia Drang, sojan Amurka fiye da 200 suka mutu cikin 'yan kwanaki. Iyalan da yawa daga cikinsu suna zaune kusa da barikin Fort Benning a jihar Jojiya. Wayoyi suka yi yawa, har aka riƙa ba direbobin tasi su rarraba. Mace tana zaune da 'ya'yanta, sai ta ga tasi ya tsaya, baƙo ya miƙo mata takarda, shi ke nan ta zama gwauruwa.

Julia Moore, matar Laftanar Kanar Hal Moore wanda ya ja bataliya a faɗan, ta ƙi yarda da haka. Ta riƙa bin gidajen tana yi wa matan ta'aziyya, tana zuwa jana'iza, ta kuma kai kuka wurin manyan soja. Ba a daɗe ba aka sake tsari: soja cikin kayan sarki shi zai je da kansa ya faɗa da baki, sau da yawa tare da limamin soja, sa'an nan a sa wani hafsa ya tsaya wa iyalin kan sha'anin jana'iza da haƙƙoƙinsu.

Yau soja na iya magana da matarsa ta wayar hannu daga kowace nahiya, amma waɗannan ka'idodi biyu suna nan. Ƙungiyar Red Cross tana karɓar saƙon gaggawa dare da rana, tana tabbatarwa kafin ta isar. A yaƙin Iraƙi da na Afganistan kuwa, in soja ya mutu akan rufe waya da intanet na sansaninsa, har sai an je gidansa an gaya wa iyalinsa ido da ido. Watau mutanen da suka yi shekaru suna neman hanyar da labari zai yi sauri, su ne kuma suka koma suna tsare shi da gangan, don kada ya riga ɗan aike isa. Ashe gaskiyar Hausawa ne da suka ce zuwa da kai ya fi saƙo.