Galahanga da "Gyaran Hali"

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, ne ya ƙirƙiro kalmar autism daga Girkanci "autos", wato kai, yana nufin majinyacin da ya janye daga mutane ya shige duniyar kansa. A 1943 Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya ɗora ta a kan yara 11 da ya lura da su. A nan gida, 'yan jarida sun fi cewa galahanga, kodayake ana kiran wasu larurorin ƙwaƙwalwa dabam da sunan. A cikin unguwa kuwa sai ka ji an ce shafar aljanu ce.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan da muke ba horon da ake yi wa yaran nan, wanda aka fi sani da ABA. Wasu na fassara shi da "gyaran hali". Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Tun da aka sauya wa gidajen yarin Najeriya suna zuwa gidajen gyaran hali a 2019, Bahaushe ya ji gyaran hali sai ya tuna kurkuku, ko gidan mari. Ga shi kuma muna cewa hali zanen dutse. Uwar da aka ce za a gyara wa ɗanta hali, an gaya mata ke nan a fakaice cewa ta kasa tarbiyya.

Alhali masu ABA, da suka gina aikinsu kan binciken B.F. Skinner, in sun ce "hali", duk wani aiki da ido ke gani suke nufi: yaro ya nuna kofi in yana jin ƙishi, ya sa takalmi, ya waiwayo in an kira sunansa. Sai a rarraba aikin ƙanana-ƙanana. Yau ya taɓa kofin, a yaba masa, a ba shi abin da yake so. Gobe ya miƙo shi, wata rana ya furta "ruwa".

Tsoron da nake yi na kada horon ya zama ukuba yana da tushe. Ivar Lovaas, wanda bincikensa na 1987 ya yayata horon sa'a 40 a mako, ya yi amfani da mari da jan lantarki a shekarun 1960, kuma manya masu larurar da dama har yau suna kokawa cewa an tilasta musu daina kaɗa hannu, abin da ke kwantar musu da hankali. A garin da bulala ba ta nisa da malami, gara mu ce koyarwa daki-daki, mu kuma tambayi mai koyarwar abin da yake yi idan yaron ya ƙi.