Soja, Ɗan Ta'adda da Maƙwabci: Raddi kan Labarin Zane na Yaƙi, da Hujja daga Tafa

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tsakanin manazarta adabin zamani, cewa littafin labarin zane, wato kwamik, wanda ke gwara soja da 'yan ta'adda, farfaganda ce tsagwaronta, don haka bai cancanci muhalli a adabin Hausa ba. Tushen ra'ayin sananne ne: Wertham (1954) ya zargi kwamik da gurɓata tarbiyyar yara, Dorfman da Mattelart (1971) kuma suka ɗauke shi makamin mallake tunanin ƙasashe masu tasowa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne raddin wani abokin nazari, wanda ya kafa hujja da G.I. Joe: A Real American Hero, littafin da kamfanin Marvel ya buga a Amurka daga 1982 zuwa 1994, fitowa 155. A ganina littafin da ya zaɓa shi ne ke warware masa hujja, kuma abin da ya faru a Tafa da Suleja a 2011 zai nuna dalili.

Hujjarsa ta farko ita ce asalin littafin kasuwanci ne. Wannan gaskiya ne. Kamfanin Hasbro ne ya so sayar da 'yan tsanar sojoji, aka ƙirƙiro musu abokan gaba, ƙungiyar Cobra, don yara su samu wanda za su harba. Sai dai asalin abu ba ya yanke hukunci kan abin da marubuci ya yi da shi. Ƙagaggun labaran Hausa na farko ma gasar da hukumar 'yan mulkin mallaka ta shirya a 1933 ce ta haife su, kuma ba wanda ya ce a jefar da Ruwan Bagaja saboda haka.

Hujjarsa ta biyu ce mai nauyi, ita ce kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ya ce wannan nau'in labari yana rayuwa ne da rufe fuskar abokin gaba. Mayaƙin Cobra yana sanye da ƙyalle a fuska, ba shi da uwa, ba shi da unguwa, saboda haka mutuwarsa ba ta damun mai karatu. Idan aka kwaso wannan tsari aka kawo Arewa, in ji shi, mai zane zai cike gurbin ƙyallen da rawani da gemu da ɗangalallen wando, sai yaro ya tashi yana kallon kowane almajiri da kowane Bafulatani a matsayin wanda ya halatta a harba. Ya ƙara da cewa sojan da za a zana ba shi da aibi, alhali rahoton Amnesty International na Yunin 2015 ya zargi rundunar sojan Nijeriya da kisa ba bisa ƙa'ida ba da mutuwar dubban tsararru a Arewa maso Gabas. Matashin da ya san shingen bincike da idonsa, in ji shi, ba zai yarda da irin wannan jarumi ba.

Ban musa haɗarin ba. Abin da nake musu shi ne cewa rufe fuska wajibi ne ga nau'in. Larry Hama, wanda ya rubuta kusan dukkan fitowar, tsohon soja ne da ya yi aiki a zamanin yaƙin Biyetnam, kuma tun a fitowa ta 10, a 1983, ya kai mai karatu Springfield, ƙaramin gari mai shaguna da makarantu da yara a titi, wanda ashe duk Cobra ce ke riƙe da shi. Shugaban ƙungiyar tsohon dillalin motoci ne da ya tara mabiya ta hanyar kasuwancin yaudara, ya samu garin cikin karayar arziki, ya ba mutane aikin yi, suka ba shi biyayya. Wani rukunin dakarunsa kuma lauyoyi ne da akantoci da ke zaune cikin unguwanni da iyalansu. Ɗan shugaban ma, Billy, yana cikin masu yi masa tawaye. A fitowa ta ƙarshe, a Disambar 1994, babu wani gagarumin artabu: wasiƙa ce jarumin labarin, Snake Eyes, ya rubuta wa yaron da ke son shiga soja, yana faɗa masa abin da yaƙi ke yi wa mutum. Abokin nazarina ya karanta bangon littafin da tallarsa, amma da alama bai ba waɗannan shafuka haƙƙinsu ba.

A nan ne Tafa ta shigo. Ranar 8 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe da ke Suleja, ya kashe mutane, ciki har da masu yi wa ƙasa hidima. A Satumbar shekarar hukumar tsaro ta farin kaya ta sanar da gano gidan da ake haɗa bama-bamai a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Tafa, yankin da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna ta ratsa. Ranar 25 ga Disamba aka kai hari cocin St. Theresa da ke Madalla, sannan a ƙarshen watan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa Suleja cikin ƙananan hukumomi 15 da ya ayyana wa dokar ta-ɓaci. A Yulin 2013 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke wa mutum huɗu ɗaurin rai da rai kan harin Suleja, a Disamba kuma ta yanke wa Kabiru Sokoto, wanda aka zarga da hannu a harin Madalla, irin wannan hukunci.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa ba a dajin Sambisa ake haɗa bama-baman ba. A cikin gida ake haɗa su, gida mai maƙwabta, a ƙauyen da ake sallama ana amsawa. Da ɗan gari akan ci gari. Mai zanen Hausa da zai ba da wannan labari da gaskiya dole ya zana fuskoki: mai gida, mai unguwa, ɗan acaɓa, uwar da ta ga ɗanta ya sauya abokai, liman da fasto da suka binne mamata, da sojan da aka ajiye a shinge bai san harshen garin ba. Kwamik kuwa ya fi rubutun zube iya wannan aiki ta fuska guda, domin yana iya jera ɗakin da ake haɗa bam da tsakar gidan maƙwabta a shafi ɗaya, mai karatu ya gansu lokaci guda, ko da karatunsa bai yi nisa ba. Hama ya gwada ƙarfin hoto a fitowa ta 21, a 1984, wadda ba ta da kalma ko ɗaya.

Wajibi ne in taƙaita da'awata a nan. Ba na cewa karanta irin wannan littafi zai hana matashi shiga ƙungiyar ta'adda. Mai wannan da'awa sai ya kawo binciken da ya bibiyi masu karatu na tsawon shekaru. Haka kuma na yarda cewa littafin da hukuma ta ɗauki nauyinsa don wanke kanta zai iya faɗawa cikin duk ramin da abokin nazarina ya hango, kuma masu karatu za su gane shi tun daga shafin farko. Da'awata ita ce nau'in yana da ikon nuna yadda ta'addanci ke samun masauki a cikin gari, kuma ya taɓa yin hakan a littafin da ake kafa hujja da shi don kore shi.

Saboda haka tambayar da ta kamata manazarta su riƙa yi wa kowane labarin zane na yaƙi ita ce: wa aka ba fuska, wa aka hana? Da wannan ma'auni za a iya yi wa littafi hukunci ɗaya bayan ɗaya, a yaba wanda ya cancanta, a soki wanda ya zana rawani a matsayin laifi. Kore nau'in gaba ɗaya zai bar yaran Tafa da Suleja, waɗanda aka haifa bayan 2011, su san tarihin garinsu daga bakin jita-jita da bidiyon waya kaɗai, kuma wannan asara ce da adabin Hausa zai iya kauce mata.