Kafin ka nemi mai zuba jari, leƙa tarihin Gusau

1/ Kullum ina ganin matasanmu na cigiyar mai zuba jari. Ga tambari mai kyau, ga hotuna a Instagram, amma ba a taɓa cinikin ko sisi ba. Ku matso ku ji yadda kuɗi suka taɓa zuwa Gusau da ƙafarsu. Zare 🧵

2/ A 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa, Tsafe da Gusau har Ƙauran Namoda. Kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna, BCGA kuma tana da injin gurzar auduga.

3/ Ba zumunci ya kawo su ba fa. Gyaɗa da auduga na fitowa daga ƙauyukan Bungudu da Tsafe, ga jirgin da zai kai su bakin teku. Kaya da hanya suka gani.

4/ To amma Bature bai san ƙauye ba. Dole ya damƙa wa ɗan gari kuɗi tun kafin kaka, ya sayo masa. Wa ake ba? Wanda ke da yara a kasuwanni, kuma bara ya cika alkawari.

5/ Babban misali yana Kano: Alhassan Dantata. Ya yi shekaru yana fataucin goro zuwa Gwanja kafin kamfanin Neja ya neme shi a 1918 ya riƙa saya masa gyaɗa. A 1929 da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 suka kai kuɗinsa. Shi aka nema, saboda an ga aikinsa.

6/ Malamai ma sun san tsarin: ƙiradi. Wani ya kawo jari, kai ka juya, a yanka rabon riba tun farko.

7/ Don haka, ni dai shawarata: fara da ɗan abin hannunka. Rubuta shiga da fita na wata shida. Yi rajista da CAC. Yarjejeniya ta zama a takarda, da shaidu.

8/ Kuma ka shirya amsar tambayar da za a fara yi maka yau: da wannan rashin tsaro, yaya kayanka za su wuce hanyar Tsafe zuwa Funtuwa lafiya? In ba ka da amsa, mai kuɗi zai yi maka addu'a ya wuce. Allah ya kawo mana zaman lafiya.