Fim ɗin «The Social Network», labarin kafuwar Facebook

«The Social Network» fim ne na Amurka da ya fito a 2010. David Fincher ne ya ba da umarni. Labarin Mark Zuckerberg ne, ɗalibin jami'ar Harvard da ya buɗe Facebook a watan Fabrairun 2004, yana ɗan shekara 19.

Mu dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne rigimar abokai. Eduardo Saverin ne ya zuba kuɗin farko, amma da harka ta buɗe sai aka ƙara hannun jari, kasonsa ya narke. A fim ɗin, ya sa hannu kan takardu bai kira nasa lauya ba. Daga nan sai shari'a. Tagwayen Winklevoss su ma suka ce dabararsu aka sace, aka sasanta da su kan dala miliyan 65.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar uku. Amma fa ba duka ne gaskiya ba: budurwar da ta rabu da Zuckerberg a farkon fim, ƙirƙirar ta aka yi.

Kamfanin nan ne ya sayi WhatsApp a 2014, wadda muke aika wa ƴan uwa ƴan cin rani saƙon murya da ita.