Tambarin Sabis Bai Taɓa Riƙe Birki Ba

 Yau mota za mu hau, kuma daga gida za mu tashi, wato Birnin Kudu.

A akwatin marigayi kawuna har yanzu akwai wani ɗan littafi da ya sha hannu, littafin sabis na Fijo 504. Kowane shafi da tambari, da kwanan wata, da adadin kilomita. Malamin makaranta ne, mai tsari ƙwarai. Ba ya yarda bakaniken bakin titi ya taɓa masa mota. In lokaci ya yi, sammako yake ya nufi Kano ta Wudil, ya kai ta garejin dila, ya dawo da yamma da rasit a aljihu. Lokacin duk ƙasar nan tamu jihar Kano ce, don sai ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanki Jigawa.

Ku da kuka taso kuka tarar da motocin Kwatano, sai na ɗan koma da ku baya. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen na yi a Legas, daga baya aka samu Steyr a Bauchi da kamfanin manyan motocin Fiat a Kano. Shekarar ce kuma ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji har da ariya. Ga bashin mota na gwamnati. Sai ya zama malami ko akawu yana iya sayen sabuwar mota fil a leda, da garanti, da littafinta. Sharaɗin garantin shi ne ka riƙa kai ta wurin dila. Daga nan mutanenmu suka ɗauka cewa motar da ta sha tambari lafiyarta ƙalau.

To ga abin da ya faru. Kwana huɗu da dawowarsa daga sabis, muka ɗauki hanyar Gwaram zuwa wani biki, ni ina baya da inna da ƙullin kaya. Mun wuce Babaldu kenan garken shanu ya ɓullo yana tsallaka titi. Kawu ya taka birki, ƙafarsa ta nutse kusan ƙasa. Ya buga, ya sake bugawa, ya sauke giya, ya ja birkin hannu, muka gangara cikin wata gonar gero muna salati. Allah Ya kiyaye, ko ƙwarzane babu. A Gwaram wani bakanike da ke aiki a gindin bishiya, irin wanda kawu ke rainawa, ya kwanta ƙarƙashin motar ko minti biyar bai yi ba ya fito da hannu jage-jage da man birki. Tiyon roba da ke kai mai ga tayar gaba ne ya tsattsage. Ya ce: "Malam, wannan ai ba yau ya fara ba. Wa ya duba maka ita?" Kawu bai ce komai ba.

Na daɗe ina ɗauka ha'inci ne kawai. Da na girma na karanta yadda abin yake, sai na ga ya fi haka. Sabis na yau da kullum jerin ayyuka ne a takarda: a juye baƙin mai, a canza filta, a duba fulogi, a ƙara ruwa. Abin da ba ya cikin jerin, ko yana ciki amma sai an shiga rami da tocila, shi ake tsallakewa in motoci sun yi layi. Yaro ya sa alamar "an duba" alhali ido kawai ya kai. Sannan shi kansa jadawalin, don titunan Turai aka fara tsara shi. Yawancin littattafan mota suna da shafi na biyu na yanayi mai tsanani, ƙura da zafi da ramuka, inda ake rage tazarar sabis. Mu nan ai kullum a wannan shafin muke, tun daga ƙurar hunturu har zafin bazara da ke busar da roba. Man birki ma yana tsotsar danshi, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk bayan shekara biyu. Ku faɗa min gaskiya, wa ya taɓa yi?

Daga 1986, da tsarin SAP na zamanin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kwatano ta karɓi kasuwa, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suka zama asibitin motoci, littafin sabis ya zama tarihi. Wasu na kukan wancan zamani kamar komai daidai yake. Ni dai na san gonar geron da muka faɗa.

Kuma kada ku ce matsalar Nijeriya ce. Ku ɗauki Takata, kamfanin Japan mai yin jakar iskar da ke fashewa ta tare direba lokacin haɗari. Sinadarin da suka sa a ciki yana lalacewa da zafi da danshi, sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa mutum ƙarfe a fuska da wuya. Motocin nan shekara da shekaru suna shiga garejin dila a Amurka suna fita da tambari, domin babu sabis da ke buɗe sitiyari. An rasa rayuka, aka yi kiranyen motoci mafi girma a tarihin Amurka, miliyoyin Honda da Toyota da sauransu, kamfanin ya durƙushe a 2017. Abin da ya shafe mu: tsofaffin Accord da Civic da Corolla na farkon shekarun 2000 da ke yawo tsakanin Birnin Kudu da Dutse, da yawansu daga can suka zo, kuma wasiƙar kiranye ba ta bin mota ta tsallako teku. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 tana jikin gilashin gaba ta wajen direba. In ka sa ta a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, kyauta zai nuna maka ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Shi kuwa kawu, bai daina zuwa Kano ba, tsoron rasa garanti ya hana shi. Sai dai daga ranar, duk dawowa sai ya kai motar wajen bakanike ta kwana, ya tsaya a kansa a leƙa tiyo da tayarod da ƙafafu. Mutumin Gwaram ɗin nan kuma duk sallah sai ya aika masa da yadi biyar na shadda, har ya sayar da motar.